Gyaran da Hedley Truscott Ya Shekara Arba'in da Ɗaya Yana Rubutawa

Kafin in shiga maganar mutuwa, mai karatu, riƙe wannan kacici-kacici ka juya a ranka, irin wanda nake jefa wa jikokina in sun ishe ni da surutu. Mene ne abin da aka ba mijina kyauta a gaban duk gari, ya shekara ashirin da ɗaya yana roƙon a zo a karɓe aka ƙi, sai da ya shekara ashirin a kabari sannan aka karɓe, ni kuma matarsa na ce na gode? Kada ka leƙa ƙarshe. Na san halinku, masu karanta wannan mujalla, daga baya kuke farawa don ku ga wa ya mutu.

To, wannan karon ba sai kun je baya ba. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni na 2024, da hantsi, ana tsakiyar sanyi kamar yadda Yuni ya saba a ƙasar nan, Allah ya yi wa Hedley Truscott rasuwa a asibiti a garin Armidale, yana da shekara casa'in da uku. Shi ya kafa mujallar Strainer a 1961, shi ne editanta daga fitowar farko har wannan da ke hannunku, wadda ita ce ta ƙarshe. Ni ce Merle Dunphy. Ba ku taɓa ganin sunana a nan ba, amma duk kalmar da kuka karanta a cikinta tun 1964 ta bi ta ƙarƙashin yatsuna, in ban da fitowa guda ɗaya. Za mu zo kan gudan nan.

Shekara sittin ina kiran ka Mista Truscott. Yau Hedley zan ce, tunda ba ka da halin ɗauko jan biro ka gyara min.

Ina da shekara sha tara na shigo ɗakin nan na bayan shagon sirdi a garinmu Uralla neman aikin buga tafireta. Makaranta na bar ta ina sha huɗu. Da na ga sunan mujallar a jikin ƙofa na ɗauka ta girke-girke ce, don a kicin ɗin uwata wannan kalma matacin shayi take nufi. Na tambaye ka a wane shafi ake sa yadda ake yin kek. Ka cire tabarau ka dube ni kamar na zagi kakanka. Minti arba'in ka tsare ni a tsaye kana bayani: cewa ga mutumin karkara sunan babban turken nan ne na kusurwar shinge, wanda ake binnewa da zurfi, duk wayoyi su ja shi ta ko'ina shi kuma ya ƙi motsi, kuma ƙasa ma tana bukatar irinsa. Da ka gama na ce to ba laifi, amma da kek da kun fi samun masu saye. Ka ɗauke ni aiki a ranar. Har yau ban san ko don me ba. Shekaru bayan haka matan Sydney suna aiko mana da wasiƙar ƙorafi cewa sun yi oda sun duba kaf babu ko miya.

Ku uku kuka kafa ta: kai malamin Latin da ka gaji da yara, da wani mai kiwon tumaki, da wani likitan haƙori. Tsoron 'yan gurguzu ne ya haɗa ku. Su biyun ba su kai shekara biyar ba ka kore su da gardama. A birni an yi ta raɗe-raɗin wai 'yan leƙen asirin ƙasar waje ne ke ɗaukar nauyinmu. In da gaskiya ne, to marowata ne, don ko abin ɗumama ɗaki ba su taɓa saya mana ba. Da safar hannu nake buga rubutu in sanyi ya shigo.

Masu tarihi za su ce Strainer muryar 'yan ra'ayin mazan jiya ce ta karkara. Ni da na buga ta zan faɗa muku a taƙaice: duk abin da ya zo, Hedley ya ce kada ya zo. Da aka bar fam da sule aka koma dala, shafi sha biyu ka rubuta, kuma ka ci gaba da buga farashin mujalla da sule har shekara bakwai, mai sayar da jarida yana zagina ni da na kai masa. Da mil ya koma kilomita ka ce an rage wa ƙasa mutunci. Da aka fara tura agogo gaba da awa ɗaya lokacin zafi ka hana a taɓa na ofis, ka ce ba gwamnati ce ta halicci rana ba. Rabin kowace shekara ina zuwa aiki da agogo biyu a kaina, na gari da naka, kuma ko ta wanne ka ce na makara. Talabijin mai launi, sabon taken ƙasa, mata da wando a coci, buɗe kantuna ran Lahadi, kwamfuta, duk ka yaƙe su, duk sun ci ka da yaƙi. Kwamfutar ma da kuɗina na sayo na ɓoye a gida, shekara shida kana yaba min cewa tafiretar nan tamu ta ƙara kyau da tsufa.

A lokacin da muka fi tashe mutum dubu huɗu ke karɓar ta, har a majalisa ana ɗaga ta ana zagi, kai kuma ka yini kana murmushi. Samari masu digiri sun zo sun zauna a ƙarƙashinka, kowanne ya yi shekara biyu ku ɓata a kan wata kalma, ya tafi birni ya kafa tasa mujallar don ya zage ka. Duk ka binne nasu. A ƙarshe masu karɓa sun dawo ɗari uku da 'yan kai, kowace fitowa sai gidan waya ya dawo mana da wasu, an rubuta a bayan ambulan cewa mai ita ya rasu.

Kada a ce na zo yi wa mamaci tsiya kawai. Alherinka yana da yawa, sai dai ba ka iya yin sa ba tare da ɓata wa mutum rai ba. Kai ka koya min rubutu. Duk takardar da na bar maka, ko ta cewa madara ta ƙare, sai ta dawo min da jan biro. Na yi kuka a bayan gida ba sau ɗaya ba, amma yau ga ni ina rubuta ta'aziyyarka babu mai riƙe min hannu. Wani tsohon ɗan gurguzu mai aikin layin dogo ya riƙa aiko da waƙoƙi, ka buga su shekara goma sha biyar, masu karatu suna barazanar daina saye, ka ce ra'ayinsa shara ne amma ya iya jera kalma. Shekarar da ruwa ya cinye gada 'yata Bernadette tana naƙudar fari, kai ka ɗauke ta a tsohuwar motarka ka zaga ta hanyar tudu har asibiti. Ta ce duk tsawon hanya kana yi mata bayanin yadda gwamnati ta lalace da gyaran gada, har ta rasa wanne ya fi ciwo.

Yanzu ga fitowar nan guda ɗaya.

Mijina Clarrie mai askin tumaki ne, ɗan mai askin tumaki, kuma ɗan ƙungiyar ƙwadago har cikin ƙashi. Katin ƙungiyarsa yana aljihun da hotona yake, kuma na san wanne ne a gaba. A 1983 aka yi rikicin mataji. Bakin injin aski kamar mataji yake, tun zamanin iyayensu faɗinsa ɗaya ne, ƙungiya ta haramta wanda ya fi shi. Sai ga masu aski daga New Zealand da nasu mai faɗi, mai sauri, masu tumaki suka ce shi suke so. Aka tafi yajin aiki. A kan ɗan ƙarfen da bai kai tafin hannu ba aka fasa wa mutane haƙora, 'yan'uwa suka daina gaisawa.

Abin dariyar shi ne, a karon nan ƙungiya ce ke cewa a bar komai yadda kakanni suka bari. Kai kuma, Hedley, mutumin da ya yaƙi kilomita, ka tashi ka zama mai son ci gaba. Sauyi guda ɗaya tak ka taɓa goyon baya a rayuwarka, shi ma don 'yan ƙungiya sun ƙi shi ne, kuma a kan gidana ya faɗo.

Ana cikin yajin aka kwantar da ni aka yi min tiyata, mako biyar ba na ofis. Akwai wata tsohuwa, Misis Haddow, mijinta ya rasu ya bar ta da tumaki kamar arba'in a bakin gari. An yi ruwa da ɗumi, ƙuda ya yi musu ƙwai a gindi, tsutsa tana cin su da rai. Wanda ya taɓa jin warin nan ba ya mantawa. Ran Lahadi bayan an fito coci Clarrie ya ɗauki almakashin hannu na ubansa ya je ya yanke musu ƙazamin gashin ya sa magani. Ba inji, ba mataji, ba lada, shayi kawai ya sha. Kai kuma ka zo wucewa a mota, ka hango mai aski duƙe a kan tunkiya ana tsakiyar yajin aiki. Editan da ke tsare ni da tambaya a kan kowane waƙafi bai taka birki ya yi tambaya ɗaya ba. Ka koma ofis ka rubuta shafi biyu masu taken "Namiji Ɗaya a Uralla". Ka ce Clarence Dunphy, wato Clarrie, ya bijire wa ƙungiya, ya rungumi mataji mai faɗi, jarumi ne, abin koyi ne. Marigayiya matarka Enid ta buga maka da yatsa biyu. Ka kawo min kwafi har gadon asibiti da furanni, fuskarka tana sheƙi, kana jiran godiya.

Masu aski ba sa karanta Strainer, amma masu tumaki suna karantawa. Suka yanke shafin suka manna a kowace rumfar aski. Akwai kalmar da 'yan ƙungiya ke kiran wanda ya yi aiki lokacin yajin aiki, ma'anarta ɓawon gyambo. Ba zan buga ta ba. An rubuta mana ita da fenti a jikin mota. Ran Juma'a Clarrie ya shiga mashaya, mutum goma sha huɗu da ya yi shekara ashirin yana kwana rumfa ɗaya da su suka juya masa baya a tare, kamar an yi musu fareti. Ya yi bayani, Misis Haddow ta bi gida-gida ta yi bayani, aka ce ai ga shi a rubuce, kuma ubangidan matarsa a wurin aiki ne ya rubuta, wa zai fi shi sani. Bayan yajin babu ayarin masu aski da ya yarda ya tafi da shi. Masu tumaki suka yi ta kiran sa da hannu biyu, ya ƙi zuwa, ya ce in ya je ya zama abin da aka ce. Mutumin da ke aske tunkiya ɗari da tamanin a yini ya ƙare yana haƙa ramin turken shinge, irin wanda ka sa wa mujallarka sunansa.

Ranar da na koma aiki na ce ka buga gyara. Layi huɗu sun isa. Ka ce ka yi nadamar damuwar da aka shiga, amma Strainer ba ta taɓa janye magana ba. Sannan ka ƙara da abin da har gobe in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

"Misis Dunphy, a ina aka taɓa ba mutum haƙuri don an ce masa jarumi?"

Mutane sun sha tambayata me ya sa ban bar aikin ba. 'Ya'ya huɗu ne amsa ta farko. Ta biyu kuwa, in na tafi wa zai riƙa tuna maka? Tun daga ranar, duk fitowa in na jera shafuka sai in bar fili a ƙasan shafi na biyu, girman kwalin ashana, in rubuta "Gyara" a kai, in ajiye maka a tebur. Kai kuma ka ɗauko jan bironka. Sai ka soke kalmar ka manna zanen ɗan rago a wurin. Masu karatu, wannan ragon da kuka saba gani a shafi na biyu, har wasu suka rubuto suna yabon sa, ba ado ba ne. Faɗa ne. Sau ɗari da sittin da wani abu muka yi shi.

Ga abin da ya fi ba ni haushi da kai. Da gari ya rufe wa Clarrie ƙofa, kai ne ka riƙa zuwa duk Asabar da sandar kamun kifi ka tsaya a ƙofarmu har ya fito. Kuna tafiya rafi kuna gardamar siyasa, ku dawo ba kifi, murya ta dishe. Clarrie ya ce min abin takaicin duniya shi ne mutum ɗaya ya rage mai yi masa magana a garin nan, shi ne kuma wanda ya kashe shi. Ko a bakin rafin ya roƙe ka gyaran. Ka ce za ka duba. Da ya rasu a 2004 aka nemi mutum shida masu ɗaukar akwati, masu aski ko ɗaya bai zo ba. Kana da shekara saba'in da uku ka sa kafaɗa ka ɗauki kusurwa har bakin kabari. Akwatin mutum ka iya ɗauka, layi huɗu sun fi ƙarfinka. Na dube ka a ranar na rasa ko in rungume ka ko in tura ka ciki.

Kwana goma kafin ka cika ka aiko 'yarka Rosalind ta kira ni. Na same ka da la'asar, ka ƙanƙance a cikin gado, kana yi wa ma'aikaciyar jinya gyaran magana. Ka zaro takarda daga ƙarƙashin filo ka miƙo min ba ka dube ni ba. Ga abin da ke ciki, ban taɓa ko harafi ba:

"Gyara. A fitowarmu ta Yuni 1983 mun ce Mista Clarence Dunphy ya bijire wa ƙungiyarsa lokacin yajin aiki, muka kira shi jarumi. Ba haka ba ne. Mista Dunphy ɗan ƙungiya ne mai taurin kai, bai taɓa riƙe mataji mai faɗi ba, ya bi wannan yaji marar kan gado daga farko har ƙarshe, ya kuma mutu a kan ɓatansa kamar sauran abokansa. Tumakin wata tsohuwa ya ceta daga tsutsa, da almakashin hannu, bai karɓi lada ba. Edita ya yi kuskure."

Sau biyu na karanta. Ban taɓa jin an zagi mijina da daɗi haka ba. Na tambaye ka me ya tsayar da kai shekara arba'in da ɗaya. Ka ce tun 1985 ka gama sauran, jimlar ƙarshe ce ta ƙi zama. Kalma huɗu, Hedley. Jikata mai shekara shida tana faɗin irinta kafin karin kumallo. Sannan ka ɗaga yatsa ka ba da umarni: shafi na arba'in da bakwai, da mafi ƙanƙantar rubutu, a ƙarƙashin tallan maganin wankan tumaki. Na ce na ji.

Cikin goma sha huɗun nan da suka juya baya, mutum ɗaya ya rage a duniya, Nugget Considine, yana gidan tsofaffi, shekararsa casa'in da ɗaya. Don shi nake sauri, don in ya tafi babu sauran wanda gyaran zai yi wa amfani. Washegarin jana'izarka na kai masa takardar. Ya sa tabarau ya bi ta da yatsa, ya daɗe, sannan ya ajiye a cinya.

"Merle, 'yar nan, ai mun sani. Tun kafin Kirsimetin shekarar muka sani."

Na ce to me ya hana ɗayanku ya ƙetara titi ya gaishe shi, shekara ashirin da ɗaya?

"Wa zai fara juyowa?" in ji shi.

Jakata tana hannuna, kuma tana da nauyi. Allah ne ya tsare tsohon nan. Ashe duk shekarun da na yi ina ganin ku biyu ne, ku 'yan mazan jiya da su 'yan ƙwadago, kanku ɗaya ne, hula ce ta bambanta. Na miƙe zan tafi ya riƙe min hannun riga, ya tambaya ko Clarrie yana ɓangaren Katolika ne na maƙabarta kusa da itatuwan nan, ko kuma zan iya kai shi ran Lahadi, don ƙafarsa ba ta kai shi. Na ce zan duba in ina da lokaci. Zan kai shi. Zan kuma tsaya a bayansa in ji abin da zai faɗa, da ƙarfi, don kunnena ya yi nauyi.

Saura maganar shafi na arba'in da bakwai. Na ce maka na ji, ban ce na yarda ba. Na tambayi Rosalind, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ubanta zai tashi. Na ce ya tashi, ina nan. Masu karatu sun riga sun gani tun kafin su buɗe: gyaran yana bangon gaba, da manyan baƙaƙen da muka yi amfani da su ranar da aka bar fam da sule. Hotonka yana ciki, shafi na uku, ka yi kyau. In kana da ƙorafi ka rubuto wa edita.

Allah ya jiƙan ka, Hedley. Ya gafarta maka abin da ka rubuta da abin da ka ƙi rubutawa, ya dubi Asabar ɗin nan da kusurwar akwatin nan ya sa su a ma'auninka. Ya ba ka hutawa, ya ba mala'iku haƙurin zama da kai. In ka tarar da Clarrie, kai za ka fara magana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rosalind da mijinta da 'ya'yansu, da jama'ar cocinku, da ku ɗari ukun da kuka rage kuna karanta mu har yau. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ni kam ofis ya yi min shiru, na buga wannan duka babu wanda ya ce na sa waƙafi inda bai dace ba, kuma ban ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

Abin da aka ba mijina kyauta, yabo ne.